Wa Ke Amsawa a Lamba Sha Biyu?

Shafi na 17

Masu cewa na bar su tsaye a ƙofar sito tare da Mama, ku sassauta min, ga ni na dawo. Ke kuma da kika yi wa Mama wankin babban bargo a ƙasan shafin da ya wuce, karanta wannan tukuna kafin ki ƙara.

*

Da ƙafa Mama ta tura ƙofar kicin. Kwanon da ta kai wa Auta abinci ta cusa shi can ƙarƙashin sauran kwanuka, yadda ko an leƙo ba za a gane an ƙara ɗaya ba.

Tun ranar da aka yi ruwan nan mai iska take ɓoye da ɗanta a siton bayan gida, tsakanin tsofaffin katifu da kwalaye, a gidan da ubansa ya rantse yaron ba zai ƙara taka shi ba.

Yau kuwa ta fi kullum. Yanzun nan ta baro shi ya ɗora tsohuwar laftof ɗinsa a kan kwali, ya fara jarrabawar da za ta ba shi damar komawa makaranta. Har ta kai ƙofa ya riƙo gefen mayafinta.

"Mama, don Allah kar waifai ya yanke. In ya yanke rufe ni za su yi, sai kuma baɗi."

Maganar ce ke yawo a kanta ta ji kira daga falo.

"Maman yara!"



"Na'am, Malam. Ga ni nan."

Maigidanta, da ake kira Safiyo saboda aikinsa na awon filaye, na zaune a kujerarsa ta kullum, laftof a kan ɗan teburin da aka yi masa, sandarsa jingine da bango. Hannun hagu na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi bai ƙara hawa bene ba. Babbar kwamfutarsa, mai ɗauke da duk taswirorin filayen da ya auna a rayuwarsa, tana can sama a ɗakin aiki tare da firinta. Daga nan falo yake jawo fayil ta waifai, ya yi aiki da hannu ɗaya, ya mayar.

"Ta sake," ya ce, bai ɗago ba. "Da safe lafiya lau suna ganin juna. Ina tsaka da zane, ta sama ta ɓace min. Kamar wadda aka yi wa kishiya."

Ya yi 'yar dariya don ita ma ta yi. Ta yi yaƙe.

"Ikon Allah. Ko netwok ne?"

"Ba ruwan netwok. Intanet na nan daram. Tsakaninsu ne, su biyun nan, suka daina gaisawa."

Mama ba ta san komai a harkar kwamfuta ba, amma ba ta rasa ido ba. Ta lura tun kwanaki. Duk sanda ta ga hasken laftof a sito, in ta dawo falo sai ta tarar da maigidan yana tsaki. Auta na rufe tasa, komai ya koma daidai. Ba ta san dalili ba. Ta dai san wane ne.

"Matsa ki kashe min rauta ki sake kunnawa."

Ta kalli ɗan farin akwatin da ke kan kanta kusa da talabijin, fitilunsa na ƙyafta ido. Shi ne ke raba waifai a gidan. Shi ne kuma ke riƙe da jarrabawar Auta.

"Haba Malam, jiya fa wuni muka yi muna kashe abin nan muna kunnawa. Me ya gyara? Kar mu je mu ƙona shi."

"Rauta ba ta ƙonewa don an kashe ta."

"Ni dai na ji an ce tana ƙonewa."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Ya kalle ta ta saman tabarau, ya girgiza kai.

"To, injiniya ta hana. Bari mu bi ta wata hanyar."

Da yatsa ɗaya ya shiga dannawa, yana magana shi kaɗai kamar yadda ya saba tun yana da ƙarfinsa. Ya duba sunan waifan da laftof ɗin ke kai, na gidan ne, ba na maƙwabta ba. Ya duba ko an rufe wurin raba fayil, a buɗe yake. Ya cire laftof ɗin daga waifai ya sake haɗa ta. Ya kira babbar kwamfuta da sunanta, shiru. Foldar taswira ta ƙi buɗewa.

Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi.

Wannan zanen shi ne aiki na farko da aka ba shi tun da ya kwanta. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kawo har gida, ya ce, "Ni ban yarda da idon kowa ba sai naka." Ranar Safiyo ya sa aka yi masa aski. Yau da yamma abokin zai zo karɓa.

"Komai daidai yake," ya ce a hankali. "Komai daidai, amma ba ya yi."

Mama ta ga idonsa ya sake komawa kan rauta. Tsoro ya kama ta. Bakinta ya riga tunaninta.

"Anya Malam ba wani abu ka taɓa ka manta ba?"

Yatsansa ya tsaya cak a kan maballi.

Da ana mayar da magana ciki, da ta haɗiye ta da ruwa.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana kallon hannun nan na hagu.

"Ashe ke ma kin gani."

"Na ga me? Ni ba haka nake nufi..."

"Kar ki ɓoye min, Maman yara. Ni ma abin da ke cina ke nan, na kasa faɗa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na haɗa waifan gidan nan da hannuna. Ni na ja waya, ni na saita komai. Yau ga shi kwanaki ina zagaye wuri ɗaya kamar jakin niƙa. In gyara da safe, da rana ya lalace, in kasa tuna abin da na taɓa. Likita ya ce ciwon nan yakan ci gaba a hankali, mutum bai sani ba. Hannu ya tafi, na haƙura. Ƙafa ta tafi, na haƙura. Amma kai..."

Ya ɗora yatsa a gefen goshinsa.

"In wannan ya tafi, me ya rage?"

"Subhanallahi, Malam, daina faɗin haka. Kanka ƙalau."

"Ɗauko wayata. Kira min mutumin nan ki ce ya zo ya ɗauki aikinsa. Filin mutane ne. In na yi kuskure a iyaka, 'yan'uwa za su yi shari'a a kan shirmena. Sannan ki kira 'yarki ta nema min ganin likita."

'Yar tasu babba nas ce. Ita ce ta tsare Mama a barandar asibiti ta ce, "Mama, duk abin da zai tayar masa da hankali a kawar da shi. In ya sake faɗuwa, ba lallai ya tashi ba." Da wannan maganar Mama take lallashin zuciyarta kullum in za ta kai kwano sito. Don lafiyarsa nake ɓoyewa. Don shi ne.

Yau ga lafiyar tasa a gabanta, tana rushe ta da hannunta.

Ta ɗauki wayar. Ta yi nauyi kamar dutse. Ta nemo sunan abokin, ta tsaya tana kallonsa har hasken ya mutu.

"Malam, ka ƙara gwadawa sau ɗaya. Don Allah. In bai yi ba sai in kira."

"Me ya rage da ban gwada ba?"

"Ka fi ni sani. Ai da can in abu ya ƙi, ba ka barinsa sai ka ga bayansa."

Ya mayar da tabarau ɗinsa.

"Akwai abu ɗaya. Hau sama, ki duba allon babbar kwamfuta. Duk abin da kika gani ki faɗa min."

Ta hau benen, kowace matakala gwiwarta na ƙara. Ɗakin aikin na warin takarda da ƙura. Ta motsa linzamin kamar yadda ya koya mata, allon ya kawo haske. Wani ɗan akwati mai alamar gargaɗi na tsakiya.

"Akwai rubutu!" ta ɗaga murya.

"Karanta!"

Ta karanto masa da ƙyar, tana tuntuɓe a kalmomin. Saƙon yana cewa akwai wata kwamfuta a layin gidan mai lamba iri ɗaya da wannan.



Daga tagar ɗakin ana hango bayan gida. Ga igiyar shanya, ga tankin ruwa, ga ƙofar sito a rufe. A bayan ƙofar nan yaron da ta goya yana zaune a kan bokiti yana neman gyara rayuwarsa.

"Maman yara! Kashe ta. Kar ki tsaya bin hanya, zare wayar daga soket gaba ɗaya!"

Ta sunkuya ta kama filogin. Zuciyarta ta ce mata, bar shi a jone, ki ce kin zare. Zai gwada, ya rikice, ya haƙura. Kafin yamma Auta ya gama.

Sai ta tuna yatsan nan a gefen goshi.

Ta zare.

Fankar kwamfutar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Ko da ta sauko, ta tarar ya buɗe wani baƙin allo mai fararen rubutu. Ya sunkuya a kansa kamar zai shige ciki.

"Kin zare?"

"Na zare."

"Kin tabbata? Fitilarta ta mutu?"

"Ta mutu, Malam."

"To zo ki gani. Kowace na'ura a gidan nan tana da lambarta, kamar lambar ƙofa. Ta sama lambarta sha biyu. Yanzu zan ƙwanƙwasa ƙofar sha biyu. Tunda mai ɗakin ba ta da wuta, bai kamata kowa ya amsa ba. Ko ba haka ba?"

"Haka ne."

Ya danna.

Layi ya fito. Wani ya biyo. Wani ya sake biyowa, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya.

"Amsa," ya ce. "Amsa. Amsa."

Ya ɗago ya kalle ta, bakinsa a buɗe. Sai ga wata dariya ta kufce masa, irin wadda rabon da ta ji ta tun kafin asibiti. Ɓarin fuskarsa mai lafiya ya washe, ɗayan na ƙoƙarin biyo shi.

"Ba kaina ba ne! Maman yara, kin gani? Wallahi ba kaina ba ne! Akwai wani a layin!"

Ya buga tebur da tafin hannu. Hawaye na gangaro masa, bai ma sani ba.

"Su biyu ne ke amsa suna ɗaya, shi ya sa laftof ta rikice, ta rasa wace ƙofa za ta shiga. Alhamdulillahi. Ashe ban haukace ba."

Mama ta juya kamar tana gyara labule. Murnar tasa ta fi kukansa yi mata ciwo.

"Ɓarawon waifai ne," ya ci gaba, ƙarfi ya dawo muryarsa. "Na san ma ko wane ne. Mai askin nan na jikin katangarmu. Kullum shagonsa kiɗa, kullum kallon ƙwallo, da wane data? Ni zai yi wa wayo? Bari ya zo yi min aski, zai ji."

"Kar ka ɗauki alhakin bawan Allah, Malam."

"Alhaki? Ni ya ɗauki nawa, ya kusa sa ni komawa gadon asibiti. Yanzu zan canza faswod ɗin waifan. Duk wanda ke kai zai faɗo kamar ƙadangare daga bango."

Ya buɗe shafin saitin rauta.

"Malam, dakata."

"Me zan jira?"

"Ka bari sai anjima. Ka sha shayi tukuna, ka huta. Ai ka gano matsalar."

"Aikin minti ɗaya ne."

"Ka bari zuwa la'asar. Don Allah."

"Ke wai yau me ke damunki? Rauta kar a kashe, faswod kar a canza. Ko mai askin ɗan'uwanki ne ban..."

Maganar ta maƙale.

Idonsa ya koma kan baƙin allon, inda layukan ke ta gangarowa. Ya daɗe yana kallo. Murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa a hankali.

"Sha biyu," ya ce.

Mama ta dafa bayan kujera.

"Baƙo in ya shigo layin nan, rauta ce ke ba shi lamba da kanta. Na saita ta ta fara daga ɗari. Ba yadda za a yi baƙo ya sami sha biyu." Yana magana a hankali, kamar mai bin sawu. "Sha biyu da hannu ake sa ta. Ni nake sa ta. Kuma kafin babbar kwamfuta, na'ura ɗaya tak na taɓa sa wa lambar nan."

Bai kalle ta ba.

"Laftof ɗin da na saya wa yaron nan zai tafi jami'a. A kan teburin nan na saita masa, don ya riƙa buga takardunsa in ya zo hutu. Bayan na kore shi na ɗauki lambar na ba wa ta sama. Na ce ɗakin ba mai shi."

Ya ci gaba, idonsa a kan allon.

"Waifan gidan nan ko bakin titi ba ya kaiwa da ƙarfi."

Sai yanzu ya ɗago.

"Yana ina?"

Ta sulale ta zauna a ƙasa, kusa da ƙafarsa.

"Malam..."

"Tambayarki na yi."

"Yana sito."

"Wane siton?"

"Namu."

Ya rufe ido. Ta ga jijiyar wuyansa na bugawa, hankalinta ya tashi.

"Don girman Allah kar ka tayar da hankalinka. Bari in ɗauko maganinka."

"Zauna. Tun yaushe?"

"Tun ranar ruwan nan. A jiƙe na gan shi a bakin ƙofar baya, ya rame, takalminsa ɗaya a tsinke. Inda yake kwana sun kore shi. Ni na haife shi, Malam. Ya zan yi? In rufe ƙofa?"

"Ni ma ai ni na haife shi. Ni na ɗinka sabbin kaya, na kwashi abokaina muka tafi bikin yaye ɗalibai. Muka zauna a rana ana kiran suna har aka naɗe tabarma, babu nasa. A bakin wani malami na ji wai ya daɗe da barin makaranta. Kina wurin."

"Ina wurin. Ya yi laifi, ban ce bai yi ba. Amma ya yi nadama. Jarrabawa yake yi yanzu haka, ta komawa makaranta. In ka canza faswod ɗin nan, ta lalace. Shi ya sa na..."

"Shi ya sa kika hana a kashe rauta."

Ta sunkuyar da kai.

"Kin san shi ne? Duk kwanakin nan da nake fama, kin san daga inda matsalar take?"

Ta so ta ce a'a. Ƙaryar na nan a bakinta, a shirye. Ta gaji.

"Na lura. In ya kunna tasa, taka sai ta ƙi."

"Kin lura."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"Ɓoye yaron, na ji. Uwa ce ke. Ko ban so ba zan iya ganewa. Amma ki tsaya a kaina, ki ga ina zufa, ki ga ina tuhumar ƙwaƙwalwata, sannan ki buɗe baki ki ce min ko wani abu na taɓa na manta?"

"Kuskure ne, wallahi bakina ne ya..."

"Kin san abin da nake yi in kin shiga kicin? Sunayen jikokina nake karantawa a zuci, in ga ko na manta ɗaya. Shekaranjiya na kira 'yarki a ɓoye, na ce in abin ya yi tsanani kar ta bari in zame miki kaya. Ke nake tausayi. Ashe ke kina..."



Mama ta fashe da kuka. Ta kama ƙafarsa, wadda ba ta ji sosai.

"Ka yafe min. Ni ce mai laifi, ba shi ba. Bai san kwamfutarsa na taɓa taka ba, ban faɗa masa ba. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama. Amma ka bar shi ya gama. Saura kaɗan, Malam. Ka bar shi ya gama, in ya so da kaina zan buɗe masa ƙofa ya tafi."

Ya janye ƙafar da hannunsa mai lafiya.

Ya juya ga laftof. Shafin rauta na nan a buɗe, gurbin sabon faswod na jira. Ya danna harafi. Ya danna wani. Tana jin ƙarar kowanne a ƙirjinta. Ya gama, ya kai kibiya kan maballin ajiyewa.

Yatsansa ya tsaya a sama.

"Malam..."

"Yi min shiru."

Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Yatsan bai sauka ba, bai kuma janye ba. Idonsa ba a kan maballin yake ba. Yana kan ɗan baƙin allon da ke gefe.

Sai ta ga girarsa ta haɗe.

"Ya daina."

"Me?"

"Amsar. Ta tsaya."

Ta miƙe a kan gwiwa ta leƙa. Layukan sun canza, kowanne gajere, iri ɗaya.

"Ka danna ne?"

"Ban taɓa komai ba." Ya nuna allon. "Yaron ne ya rufe tasa da kansa."

Mama ta kalli agogo. Lokacin jarrabawar bai cika ba, da saura. Sai ta tuna tagar falon a buɗe take, kuma kukan da ta yi ba na ɓoye ba ne.

Ƙofar kicin ta baya ta yi ƙara.

Takun ƙafa, a hankali, ba takalmi. Ya ratso kicin, ya zo bakin falo, ya tsaya a bayan labule. Tana hango yatsun ƙafarsa ta ƙasa.

Safiyo ya miƙa hannu ya lalubo sandarsa.

Daga bayan labulen wata murya ta fito, a dishe.

"Salamu alaikum... Baba."